Tambayoyi da Amsoshi kan Lokacin Gauraya da Lokacin Lafawa a Lissafi, Fiziks da Injiniyanci

Masanin lissafi da ke nazarin cakuɗa karta, da masanin fiziks da ke auna yadda maganaɗisun ƙwayar zarra ke komawa mazauninsa, da injiniyan da ke tsaye a kan tankin sinadarai yana jiran launi ya game ko'ina, duk tambaya ɗaya suke yi, ko da yake kowa da kalmominsa: tsawon wane lokaci abu zai ɗauka kafin ya manta da yadda ya faro? Amsoshin da ke tafe sun bi wannan tambaya daga fanni zuwa fanni, kuma sun fi daɗewa a wuraren da mai karatu kan yi tuntuɓe.

Me ake nufi da lokacin gauraya, me kuma ake nufi da lokacin lafawa?

Idan aka ɗiga tawada a ruwa, da farko ana iya nuna inda ɗigon ya faɗa, amma bayan wani lokaci launi ya bi ko'ina, babu mai iya faɗin ta wane gefe aka zuba. Wannan hali na ƙarshe shi ake kira daidaito. Lokacin gauraya shi ne tsawon jiran da ake yi kafin tsarin baki ɗaya ya kusanci daidaito gwargwadon wani ma'auni da aka amince da shi tun farko, kuma masana lissafi kan ƙirga shi ne daga mafari mafi muni, wato wanda ya fi kowanne jinkiri.

Lokacin lafawa kuwa saurin mutuwar karkata yake aunawa. A tsare-tsare da yawa, idan aka ture abu daga daidaito aka sake shi, ragowar karkatar kan ragu da kaso iri ɗaya a kowane tsakani, kuma lokacin lafawa shi ne tsakanin da karkatar ke sauka zuwa kimanin kashi 37 cikin 100 na yadda take. Mai aikin lantarki ya san wannan a kafasita, wato na'urar ajiye caji, da ke sauke cajinta ta cikin rezista, wato abin da ke rage gudun lantarki: bayan lokacin lafawa ɗaya saura kashi 37, bayan ninki 5 nasa kuwa abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Ashe ba suna biyu ne na abu ɗaya ba?

Ba haka ba ne, kuma akasarin ruɗanin da ake samu a wannan fage daga nan yake tasowa. A ɗauka an jera makunnai 1,000, dukansu a kashe. A kowane mataki ana fitar da makunni ɗaya ta ƙuri'a, sannan a jefa kwabo domin yanke ko za a kunna shi ko a bar shi a kashe. Makunni guda yana manta yadda ya faro da zarar ƙuri'a ta faɗa kansa, abin da kan ɗauki matakai kimanin 1,000, kuma wannan shi ne lokacin lafawar tsarin. Sai dai wanda ya dubi jerin gaba ɗaya bayan matakai 1,000 ba zai ruɗu ba, domin kusan kashi 37 cikin 100 na makunnan ba a taɓa su ba tukuna, duk suna nan a kashe, kuma ƙidaya kaɗai ta isa ta tona daga inda aka faro. Jerin ba zai gauraya ba sai waɗanda ba a taɓa ba sun ragu zuwa 'yan gomiyoyi, adadin da zai iya ɓuya a cikin hawa da saukar da jefa kwabo ke haifarwa, kuma hakan na buƙatar matakai kusan 3,450.

Akwai inda lokutan biyu suke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Mai tafiya a kan zobe mai tashoshi, wanda kwabo ke yanke masa dama ko hagu a kowane taku, lokacin gaurayarsa da na lafawarsa duka suna girma ne kamar adadin tashoshin sau kansa, ta yadda idan aka ninka zoben sau 2 jira zai ninku sau 4. Abin da aka tabbatar game da babban rukuni na irin waɗannan tsare-tsare, wato waɗanda tafiyarsu gaba da baya iri ɗaya ce a halin daidaito, shi ne cewa lokacin gauraya ba ya yin ƙasa da lokacin lafawa sosai, kuma ba ya wuce lokacin lafawa sau wani logaridim, wato lamba mai girma a hankali ƙwarai, da ya danganta da yawan halayen da tsarin zai iya shiga. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa ne yawancin binciken yake gudana.

Mece ce sarƙar Markov, kuma me ya sa ba a rabuwa da ita a wannan magana?

Sarƙar Markov tsari ne da ke tsallakawa daga hali zuwa hali ta ƙuri'a, inda yiwuwar mataki na gaba ta dogara da halin da ake ciki yanzu kaɗai, ba da hanyar da aka biyo ba. Masanin lissafin Rasha Andrey Markov ya fara rubutu a kanta a 1906, kuma a 1913 ya gwada ta a kan haruffa 20,000 na wani littafin waƙa na Rashanci, yana ƙirga yadda wasali da baƙi ke bin juna. Idan daga kowane hali ana iya isa kowane hali, kuma tafiyar ba ta maƙale a wani zagaye mai ƙayyadadden tsawo ba, to sarƙar tana da daidaito guda ɗaya tak da take nufa ko daga ina aka faro; tushen wannan sakamako yana cikin aikin Oskar Perron na 1907 da na Georg Frobenius na 1912.

Daga jadawalin yiwuwar sarƙar ana ciro wasu lambobi na musamman, kowace tana faɗin saurin mutuwar wani salon karkata. Mafi girmansu 1 ce, ita ce ta daidaito wanda ba ya mutuwa, sannan tazarar da ke tsakanin 1 da lambar da ke bi mata ita ke yanke hukunci: idan aka raba 1 da wannan tazara, an sami lokacin lafawa.

Da wane ma'auni ake cewa an kusanci daidaito?

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a lissafi yana tambayar wannan: a cikin dukan tambayoyin i ko a'a da za a iya yi game da tsarin, wacce ce yiwuwar amsarta ta fi bambanta tsakanin halin da ake ciki da cikakken daidaito, kuma nawa ne bambancin? Nisan kan faro kusa da 1 ya gangaro zuwa 0. An saba ɗaukar lokacin da ya sauka ƙasa da 0.25 a matsayin lokacin gauraya, ba don lambar tana da wata daraja ta musamman ba, sai don an tabbatar cewa daga nan kowane ƙarin irin wannan lokaci yana ci gaba da raba iyakar nisan gida biyu. Ma'auni ne mai tsanani, domin yana ɗauka cewa mai duba ya san tambayar da ta fi tona asiri. Saboda haka duk lambar da aka ba mutum a matsayin lokacin gauraya, ba ta da amfani sai an faɗa masa da wane ma'auni aka auna, kuma daga wane mafari.

Gaskiya ne cewa cakuɗawa 7 ta isa ga karta 52?

Gaskiya ne, amma da sharuɗɗa waɗanda galibi ake zubarwa a hanya idan ana ba da labarin. Sakamakon na Dave Bayer da Persi Diaconis ne, an buga shi a 1992, kuma ya shafi salo ɗaya ne na cakuɗawa, wanda ake raba kartar kashi biyu a saki gefunansu su shiga tsakanin juna. Sun yi aiki da siffar lissafi ta wannan salo wadda Edgar Gilbert da Claude Shannon suka tsara a 1955, Jim Reeds kuma ya sake gano ta daga baya. Nisan da suka lissafa yana nan kusan 1 har zuwa cakuɗawa ta 4, sannan ya zama 0.924 a ta 5, da 0.614 a ta 6, da 0.334 a ta 7, da 0.167 a ta 8, daga nan kuma ya riƙa rabewa gida biyu.

Dalilin wannan siffa yana da sauƙin fahimta. Cakuɗawa ɗaya ba ta wargaza jerin farko, tana saƙa jeri biyu ne a cikin juna, kowanne yana riƙe da tsarinsa na hawa. Ta biyu tana mayar da su 4, ta uku 8, ta huɗu 16, alhali kartar da ta gauraya da gaske tana ɗauke da irin waɗannan jeri kimanin 26. Muddin ba a kai wannan adadi ba, mai ƙirga jeri zai gane cewa aikin bai kammala ba, ko da kuwa idon ɗan wasa bai ga komai ba. Abin mamaki a nan ba jinkirin ba ne, saurin ne, idan aka tuna cewa hanyoyin jera karta 52 sun kai 8 da sifiri 67 a bayanta.

Sharuɗɗan kuwa ga su. Na farko, 0.334 ba sifiri ba ne, kuma akwai wasannin da aka ƙirƙira musamman domin su ci ribar ragowar. Na biyu, siffar lissafin tana ɗauka cewa hannu yana ɗan kuskure. Ƙwararren da ke raba karta daidai wa daida ya saƙa su ɗaya bayan ɗaya, yana barin ta sama a sama, zai mayar da kartar yadda take tun farko bayan sau 8. Na uku, salon da ake zame ƙananan ɗauri daga hannu zuwa hannu yana buƙatar dubban maimaici kafin ya kai inda wancan ya kai da 7. A shekara ta 2000 kuma Lloyd N. Trefethen da Lloyd M. Trefethen sun nuna cewa idan aka auna da yawan bayanin da ya rage maimakon wancan nisa, adadin da ake buƙata ya ɗan fi ƙanƙanta. Babu saɓani a tsakaninsu, ma'auni ne ya bambanta.

Mene ne faɗuwa farat ɗaya da ake yawan ambata?

Ita ce halayyar da lambobin can sama suka nuna: nisa ya daɗe a maƙale kusa da 1 kamar ba a yin komai, sannan ya rufto cikin ɗan ƙanƙanin tsakani. Diaconis da Mehrdad Shahshahani ne suka fara tabbatar da ita a 1981, a kan salon da ake zaɓar karta biyu ta ƙuri'a a musanya musu wuri, wanda ga karta 52 ruftowar tana zuwa ne wajen musanya ta 100. David Aldous da Diaconis suka ba ta suna a shekarun 1980. Muhimmancinta ga mai aiki a bayyane yake, domin wanda ya tsaya kaɗan kafin ruftowar bai sami komai ba, wanda kuma ya wuce ta da nisa ɓarnar lokaci yake yi.

Har yanzu babu ƙa'ida guda da ke faɗin wace sarƙa ce za ta yi haka. A 2004 Yuval Peres ya kawo shawarar a duba ko lokacin gauraya ya zarce lokacin lafawa nesa ba kusa ba. An san cewa wannan sharaɗi dole ne a rukunin da aka ambata a baya, wato sarƙoƙin da tafiyarsu gaba da baya iri ɗaya ce, an kuma tabbatar ya wadatar ga sarƙoƙin da ke hawa da sauka a kan layi da waɗanda ke tafiya a kan zane mai rassa kamar bishiya, amma an gina misalan da suka cika sharaɗin ba tare da ruftowa ba.

Me ke sa gauraya ta yi jinkiri?

Abu biyu ne galibi: nisa da matsatsi. Nisa shi ne matsalar mai tafiya a kan zobe. Matsatsi kuwa kamar manyan ɗakuna biyu ne da siririyar ƙofa ta haɗa. Mai yawo ta ƙuri'a zai zagaye ɗaki ɗaya da sauri, har ya zaci ya ga komai, alhali rabin duniyar yana bayan ƙofar da bai dace da ita ba. Jeff Cheeger ya danganta irin wannan ƙunci da tazarar lambobin nan a 1970 a fagen lissafin siffofi, sannan Mark Jerrum da Alistair Sinclair suka kawo dabarar cikin sarƙoƙin Markov a ƙarshen shekarun 1980, aikin da ya kai su ga lambar yabo ta Gödel a 1996.

Fiziks ya ba da misali mafi kyau na yadda matsatsi ke bayyana da kansa. A siffar maganaɗisu da ke ɗauke da sunan Ernst Ising tun 1925, kowace ƙwaya tana fuskantar sama ko ƙasa kuma tana son ta yi daidai da maƙwabtanta, Roy Glauber kuma ya ba ta motsi a 1963 ta hanyar juya ƙwaya ɗaya a kowane mataki. Idan zafi ya yi yawa, ƙwayoyin ba sa sauraron juna, gauraya tana da sauri kamar ta makunnan nan. Idan sanyi ya yi yawa, tsarin kan zaɓi sama ko ƙasa ya kafe, kuma tsallakawa zuwa ɗaya ɓangaren na buƙatar jiran da ke ninkuwa da ƙaruwar girma. A daidai kan iyaka, wadda a baƙin ƙarfe take wajen digiri 770 a ma'aunin Selshiyos, abin kan yi jan ƙafa na tsaka-tsaki. Robert Swendsen da Jian-Sheng Wang sun rage wannan jan ƙafa a kwamfuta a 1987 ta hanyar juya ƙwayoyi gungu-gungu a lokaci ɗaya maimakon ƙwaya ɗaya.

Yaya ake tabbatar da lokacin gauraya a lissafi?

Hanyar da ta fi daɗin bayani ita ce haɗa tafiya biyu. Ana sakin kwafi biyu na sarƙar, ɗaya daga mafari mafi muni, ɗaya daga daidaito, ana kuma sa su yi amfani da ƙuri'a ɗaya ta yadda da zarar sun haɗu ba za su sake rabuwa ba. Lokacin haɗuwarsu iyaka ce ta sama ga lokacin gauraya. A misalin makunnai, kwafin biyu za su zama iri ɗaya da zarar an taɓa kowane makunni sau ɗaya, abin da ke ba da amsar da ta ninka ta gaskiya sau 2, kuma wannan ya nuna cewa hanyar tana da sauƙi amma ba kullum take kai wa ga ainihin lamba ba. Dabarar ta Wolfgang Doeblin ce, ya fito da ita a 1938, ya kuma rasu a 1940 yana sojan Faransa yana da shekara 25. Russ Bubley da Martin Dyer sun sauƙaƙa ta a 1997 da nuna cewa ya isa a duba halaye maƙwabta kaɗai.

Me ya haɗa wannan da kwamfuta da ƙididdiga?

A 1953, a Los Alamos ta Amurka, Nicholas Metropolis da Arianna da Marshall Rosenbluth da Augusta da Edward Teller suka buga wata dabara da ta juya tambayar baya: idan ana son samfuri daga wani rabo mai wuyar lissafi, sai a gina sarƙar Markov wadda daidaitonta shi ne wannan rabo, a bar ta ta yi ta tafiya. W. K. Hastings ya faɗaɗa ta a 1970, kuma a yau ana dogara da ita a ƙididdiga da nazarin ƙwayoyin gado da ilimin taurari. Ingancin amsar kacokan ya rataya ne a kan ko an jira lokacin gauraya. Shi ya sa sakamakon Dyer da Alan Frieze da Ravi Kannan na 1991, wanda ya nuna ana iya kimanta girman siffa marar lotsawa ta hanyar yawo a cikinta, ainihinsa hujja ce kan saurin gauraya. Dabarar farko da Google ya jera shafuka da ita ma sarƙa ce, wadda aka sa mata tsalle zuwa ko'ina da yiwuwar 0.15 a kowane mataki, abin da ke tabbatar da cewa kuskure zai ragu zuwa kashi 85 cikin 100 na yadda yake a kowane zagaye komai girman intanet.

Ana iya gane cewa sarƙa ta gauraya ta hanyar kallon ta kawai?

Ba a iya samun tabbaci ta haka. Akwai gwaje-gwaje, mafi shahara shi ne na Andrew Gelman da Donald Rubin na 1992, wanda ke sakin sarƙoƙi da dama daga wurare mabambanta ya duba ko sun yi kama da juna. Irin wannan gwaji yana iya kama gazawa, amma ba ya iya ba da shaidar nasara, domin idan dukan sarƙoƙin a ɗaki ɗaya suka faro, za su yarda da juna sarai kuma dukansu a kan kuskure. A ganina wannan shi ne gibin da ya fi girma tsakanin masu hujja da masu aiki: iyakokin da aka tabbatar sau da yawa sun yi tsawon da ba wanda zai jira, waɗanda ake aiki da su kuma ba a tabbatar da su ba.

Yaya masana fiziks ke amfani da lokacin lafawa?

James Clerk Maxwell ya yi amfani da kalmar a 1867 wajen bayanin yadda matsi ke sakin jiki a cikin abu mai kauri, kuma tun daga nan ta shiga kusan kowane reshe. Faɗin lambobin kaɗai abin dubawa ne. Lantarki a cikin tagulla, bisa siffar Paul Drude ta 1900, yana manta alkiblarsa cikin kashi 2 zuwa 3 cikin tiriliyan 100 na daƙiƙa. Ƙwayoyin ruwa suna sake fuskarsu cikin kimanin kashi 8 cikin tiriliyan ɗaya na daƙiƙa. A ɗaya ƙarshen, ƙasar da ke kewaye da mashigin Hudson a Kanada har yanzu tana ɗagowa da kusan santimita 1 a shekara, dubban shekaru bayan ƙanƙarar da ta danne ta ta narke, taurarin babban gungu irin namu kuwa lokacin da za su ɗauka su daidaita ta hanyar jan juna ɗaya bayan ɗaya ya zarce shekarun sararin samaniya kanta.

Wanda ya taɓa shiga na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, an auna lokacin lafawar jikinsa. Felix Bloch ya bayyana lokuta biyu a 1946, T1 na komawar maganaɗisun ƙwayoyi kan layin babban maganaɗisu, da T2 na rasa jituwar juyawarsu, kuma bambancin waɗannan lokuta tsakanin kitse da tsoka da ruwa shi ke fitar da haske da duhu a hoton.

Markus Reiner ya taƙaita wani darasi a 1964 da lambar da ya kira Deborah, wato lokacin lafawa a raba da lokacin kallo. Idan lambar ta yi girma abu sandararre ne a idon mai kallo, idan ta yi ƙanƙanta ruwa ne. Kwaltar da Thomas Parnell ya zuba a mazurari a Jami'ar Queensland ta Ostireliya a 1927 tana farfashewa idan aka buge ta da guduma, amma tana ɗiga, kuma ɗigo na 9 ya sauka a 2014.

Akwai abin da ba ya lafawa, ko wanda ba shi da lokaci guda?

Akwai, kuma nan ne binciken ya fi zafi. A farkon shekarun 1950 Enrico Fermi da John Pasta da Stanislaw Ulam, tare da Mary Tsingou wadda ta rubuta manhajar, sun kwaikwayi igiya mai ƙwayoyi a kwamfutar Los Alamos suna sa ran ƙarfin da aka zuba a salon kaɗawa ɗaya zai bazu daidai cikin sauran. Ya ɗan bazu, sannan ya tattaro kusan duka ya koma inda ya faro. Rahoton ya fito a 1955, kuma neman dalilinsa ya buɗe sabon fage na nazarin igiyoyin ruwa masu riƙe siffarsu. A 2006 an ga makamancin haka a ɗakin gwaji a Jami'ar Jihar Pensilbaniya, inda ƙwayoyin rubidiyam masu tsananin sanyi da aka tsare a siririn layi suka yi ta karo da juna ba tare da sun daidaita ba.

Gilashi kuwa ruwa ne da lokacin lafawarsa ya tsere wa mai kallo yayin da yake hucewa, kuma lafawarsa ba ta bin kaso guda, tana jan wutsiya irin wadda Rudolf Kohlrausch ya fara lura da ita a 1854. Labarin da ake yaɗawa cewa tagogin tsofaffin gine-ginen Turai sun fi kauri a ƙasa don gilashin ya gangaro ba gaskiya ba ne. Yadda aka ƙera su ne, domin a zafin ɗaki gangarowar ba za ta ganu ba ko da an jira miliyoyin shekaru.

Shi injiniya yaya yake auna nasa?

Yana zuba ruwan gishiri ko rini a tankin da farfela ke juyawa, ya sa na'ura a wani lungu, ya ƙirga daƙiƙun da za a ɗauka kafin karatun ya shiga cikin kashi 5 cikin 100 na ƙimarsa ta ƙarshe ya zauna. Inda aka zuba da inda aka sa na'urar suna canza amsar, wato matsalar mafari da ma'auni ce ta dawo da wata riga. Peter Danckwerts ya bambanta abu biyu a 1952, girman gungun da bai gauraya ba da kuma tsananin bambancinsa da kewaye, domin farfela na farko kaɗai take ragewa, na biyu aikin bazuwar ƙwayoyi ne.

Wahalar tana zuwa ne wajen faɗaɗawa. Idan aka ninka faɗin tanki sau 10 aka riƙe siffarsa, cikinsa ya ninku sau 1,000, amma riƙe lokacin gauraya yadda yake na buƙatar ƙarfin inji ya ninku sau 100,000. Ba masana'antar da za ta biya wannan, don haka akan riƙe ƙarfi daidai da yawan ruwa a haƙura da lokacin da ya tsawaita kusan sau 4.6. Idan haɗuwar sinadaran ta fi gaurayar sauri, abin da ya yi kyau a kwalbar ɗakin gwaji zai iya fitar da gurɓataccen sakamako a babban tanki, kuma lambar Damköhler, wadda ke kwatanta lokutan biyu, ita ke yin gargaɗi.

A ƙananan bututu matsalar ta juye. Ruwa a nan yana gudu a natse cikin layi, sai bazuwa kaɗai, wadda lokacinta ke girma kamar nisa sau kansa: ƙaramar ƙwaya a ruwa tana ketare milimita 1 cikin kusan kwata na awa, santimita 1 cikin kusan kwana guda, mita 1 kuwa sai shekara 30. Mafita ita ce miƙawa da naɗewa, kamar mai murɗa yumɓu kala biyu, inda kowane naɗi ke raba kaurin layi gida biyu, naɗi 20 ya mayar da shi kashi ɗaya cikin miliyan. Hassan Aref ya kafa nazarin wannan a 1984, a 2002 kuma masu bincike a Harvard suka sassaƙa tsagi masu karkata a ƙasan bututu domin ruwa ya naɗe kansa. Mai lura zai ga cewa wannan ninki shi ne dai na jerin kartar nan, 2 da 4 da 8 da 16.

Ana iya warware abin da ya gauraya?

Idan gaurayar ta ido ce kawai, ana iyawa. G. I. Taylor ya nuna haka da ruwa mai kauri tsakanin gwangwani biyu, ɗaya cikin ɗaya: ya ɗiga rini, ya juya na ciki a hankali har launi ya baje, ya juya baya sau iri ɗaya, ɗigon ya dawo kusan yadda yake. Erwin Hahn ya yi irin wannan da maganaɗisun ƙwayoyi a 1950, inda bugun rediyo guda ya sa waɗanda suka watse suka sake haɗuwa. A duka biyun bayanin mafari bai ɓace ba, ya ɓuya ne a inda ma'aunin farko ba ya gani, kuma ɓangaren da bazuwa ta ci shi ne kaɗai ba ya dawowa.

Waɗanne tambayoyi ne har yanzu ba a amsa ba?

Wasu sun faɗi kwanan nan. Hasashen Aldous na 1992, cewa cakuɗa karta ta musanya a kan kowane zane na ɗigogi da layukan da ke haɗa su tana da lokacin lafawa iri ɗaya da na karta guda mai yawo a kansa, Pietro Caputo da Thomas Liggett da Thomas Richthammer sun tabbatar da shi, aka buga a 2010. Hasashen Kannan da László Lovász da Miklós Simonovits na 1995, game da matsatsi a siffofi marasa lotsawa, ya matso kusa ƙwarai bayan aikin Yuansi Chen na 2020.

Wasu kuma sun ƙi motsi. A kan iyakar zafi ta siffar Ising mai shimfiɗa, kwaikwayon kwamfuta yana nuna lokacin lafawa na girma kamar faɗin tsarin da aka ɗaga zuwa ƙarfin 2.17, Eyal Lubetzky da Allan Sly sun tabbatar a 2012 cewa girman ba na ninkuwa ba ne, amma ita kanta lambar babu hujjarta. Akwai kuma matsalar rina zane, inda ake sauya launin ɗigo ɗaya a kowane mataki bisa sharaɗin kada maƙwabta su yi launi ɗaya. Ana kyautata zaton sarƙar tana gauraya da sauri da zarar launuka sun fi mafi yawan maƙwabtan ɗigo da 2. Jerrum ya tabbatar da saurin a 1995 idan launukan sun zarce ninki 2 na maƙwabtan, Eric Vigoda ya sauko da ninkin zuwa 11 bisa 6 'yan shekaru bayan haka, kuma a cikin fiye da shekara 20 da suka biyo baya abin da aka iya ragewa a kan wannan lamba ga kowane irin zane ɗan kaɗan ne ƙwarai.